Me ya kashe shirin 60 Minutes II: takardun Bush ko ƙarancin masu kallo?

Ɗan Zazzau:
Assalamu alaikum. Ina neman ƙarin haske a kan shirin rahotannin bincike na 60 Minutes II na gidan talabijin ɗin CBS da ke Amurka, wanda aka fara nunawa da dare a watan Janairun 1999, aka kuma dakatar da shi a 2005. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, shirin da ya fara nuna wa duniya hotunan azabtar da fursunoni a kurkukun Abu Ghraib na Iraki bai ƙara ko shekara biyu ba bayan wannan rahoto. Me ya kawo ƙarshensa, kuma ina wakilansa suka nufa?

Malam Habu:
Wa'alaikumus salam. Gaskiya ne, ranar 28 ga Afrilun 2004 Dan Rather, mai karanta labaran yamma na CBS a lokacin, ya gabatar da rahoton Abu Ghraib, bayan an jinkirta shi mako biyu bisa roƙon Janar Richard Myers, babban hafsan hafsoshin sojin Amurka na lokacin. Matar da ta tsara rahoton, Mary Mapes, ita ce kuma ta tsara wanda ya jefa shirin cikin tsaka mai wuya. Ranar 8 ga Satumba, saura ƙasa da wata biyu a yi zaɓen shugaban ƙasa wanda George W. Bush ke neman tazarce a cikinsa, suka nuna wasu takardu da aka ce Laftanar Kanal Jerry Killian, tsohon kwamandan Bush, ya rubuta a farkon shekarun 1970, masu cewa Bush ya samu gata lokacin da yake rundunar tsaron sama ta jihar Texas. Killian ya rasu tun 1984, kuma kwafi kawai CBS ta samu, ba ainihin takardun ba. Nan da nan masu rubutu a intanet suka nuna cewa haruffan sun fi kama da na kwamfuta fiye da na tafiretar wancan zamani. Rather ya nemi afuwa ranar 20 ga wata, kwamitin bincike da CBS ta kafa ƙarƙashin Dick Thornburgh da Louis Boccardi ya fitar da rahoto a Janairun 2005, aka kori Mapes, aka nemi wasu manya uku su ajiye aiki. A ganina, daga nan ne shirin bai sake farfaɗowa ba.

Hajiya Binta:
Malam Habu, bayaninka ya yi, sai dai akwai gyara kaɗan. Kwamitin bai yanke hukunci cewa takardun na jabu ne ba. Abin da ya ce shi ne an yi gaggawar watsa su ba tare da an tantance sahihancinsu ba, sannan aka yi kwanaki ana kare rahoton da taurin kai. Shugaban CBS na lokacin, Leslie Moonves, da ya sanar da soke shirin a watan Mayun 2005, ƙarancin masu kallo ya kafa hujja da shi, ga kuma yawancin masu kallon dattawa ne, alhali masu talla matasa suke nema. Ban ce badaƙalar ba ta taka rawa ba, amma da shirin yana kawo kuɗi, da wuya a rufe shi.

Game da wakilai, Scott Pelley da Bob Simon da Lara Logan sun koma ainihin shirin 60 Minutes, wanda ake nunawa ranar Lahadi. Pelley ya zama mai karanta labaran yamma na CBS daga 2011 zuwa 2017. Simon, wanda ya yi kwana 40 a tsare a Iraki a 1991, ya rasu a haɗarin mota a New York a 2015; rahotonsa kan yaran Sudan da yaƙi ya raba da iyayensu yana cikin ayyukan da suka fi burge ni a shirin.

Malam Habu:
Na karɓi gyaran, Hajiya. Zan dai ƙara da cewa Rather ya sauka daga kujerar labaran yamma a Maris 2005 bayan shekara 24, ya bar CBS a 2006, daga baya ya maka kamfanin a kotu yana neman diyyar dala miliyan 70, aka yi watsi da ƙarar a 2009.