Hankaka Mai Da Ɗan Wani Naka: Gaskiya Ce Ko Camfi?

Baba Mai Goro, Agege: Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan La'asar wani yaro ya ce wai karin maganar nan "hankaka mai da ɗan wani naka" ba ta da tushe. Mu tun muna yara a Kano ake gaya mana hankaka ba ya ƙwai, 'ya'yan wasu tsuntsaye yake ɗebowa ya rene su har su rikiɗe su zama hankaki. Na tsufa ban taɓa ganin ƙwan hankaka ba. Wa ya taɓa gani a cikinku?

Ɗalibi, Akoka: Wa alaikumus salam Baba, Allah ya ƙara girma. Hankaka yana ƙwai. Macen tana saka 3 zuwa 6, masu ruwan kore-kore da ɗige-ɗige. Abin da ya sa ba a gani shi ne can ƙololuwar dogayen itatuwa yake sheƙa, a nan Legas kuwa har kan turakun wutar lantarki da na sadarwa. Wa zai hau can?

Baba Mai Goro, Agege: To ɗana, kakanninmu ƙarya suka yi ke nan?

Ɗalibi, Akoka: A'a Baba, ni a ganina sun ga wani abu da idonsu, fassarar ce ta juye. Akwai wani tsuntsu mai tukku da doguwar jela, fukafukansa da ɗigon fari, wanda ba ya sheƙa sam. Sai ya faki idon hankaka ya saka ƙwansa a cikin sheƙar macen hankakan. Ita ce za ta kwanta a kai, ta ƙyanƙyashe, ta yi ta ciyar da ɗan da ba nata ba, sau da yawa ma ya fi 'ya'yanta samun abinci domin yakan riga su fitowa. Manomin da ya hango hankaka yana ɗura wa baƙon tsuntsu abinci a baki, me zai ce? Sato shi ya yi. Alhali hankakan aka cuta.

Hajiya Mai Abinci, Mile 12: Kai yaro, kada ka wanke shi tas. Ina kiwon kaji a bayan gida, da idona na ga ya sure ɗan tsako. Je ka mayankar Oko-Oba ko bolar Ojota ka ga abin da yake ci.

Ɗalibi, Akoka: Gaskiyarki Hajiya, yana ɗaukar 'yan tsaki da ƙwai. Amma ci yake yi, ba reno ba.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba: Bari in sa baki, domin abin ya taɓa addini. A Suratul Ma'ida, aya ta 31, da Ƙabila ya kashe ɗan'uwansa Habila ya rasa yadda zai yi da gawar, hankaka Allah ya aiko yana tona ƙasa ya nuna masa yadda ake binnewa. Duk kabarin da muke haƙa a Agege, daga wannan darasin ya samo asali. Sai dai kuma Hajiya tana da hujja: hadisin Nana A'isha a Bukhari da Muslim ya lissafa shi cikin halittu 5 masu ɓarna da aka halatta kashewa ko a Harami, tare da shirwa, kunama, ɓera da kare mai cizo.

Hajiya Mai Abinci, Mile 12: Allah gafarta Malam, to kukansa fa? Mahaifiyata in ya sauka kan katanga yana kuka da sassafe, sai ta ce akwai labarin da ke tafe, ranar ba ta barin kowa ya yi tafiya.

Malamin Islamiyya, Idi-Araba: Wannan kam ki bar shi, Hajiya. Larabawan jahiliyya ma sun ɗauki kukansa alamar rabuwa da masoya, Annabi (SAW) ya hana camfi da tsuntsaye. Ki kore shi saboda kajinki, kada ki fasa tafiya saboda shi.

Baba Mai Goro, Agege: Na karɓi maganar Malam. Ta ƙwai kuwa, ɗana, sai ka kawo mini hoton sheƙar da aka ɗauka a ƙasar nan, ba na Turai ba.

Ɗalibi, Akoka: In sha Allahu Baba. Akwai wata sheƙa a kan turken sadarwa kusa da ɗakin kwananmu, zan roƙi masu hawa gyara su ɗauko mana.