Na samu tsohon komik a akwatin kawu, in tura a tantance ko in sayar?

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah ku ba ni shawara, kwana uku ban yi barcin kirki ba. Kawuna, Allah ya jiƙansa, ya yi karatu a Amurka wajen 1985. Shi ya riƙe ni tun ina aji uku, shi ya koya min karatun boko a zaure. Bayan rasuwarsa bara aka bar akwatinsa na ƙarfe a ɗakin ajiya, ba wanda ya kula shi har damina ta wuce. Da na buɗe, gara ta cinye takardun makaranta da hotuna, amma a can ƙasa cikin ambulan na ga Teenage Mutant Ninja Turtles lamba 1. Ya fi komik na yau da kullum girma, cikinsa baƙi da fari, bangon ja da baƙi. A ciki an rubuta bugu na uku. Fil ɗin tsakiya ya yi tsatsa, amma na ɗan gyara littafin ya yi kyau. Ina da biki nan da wata huɗu. Yaya zan yi?

Na-Ohayo: Allah ya jiƙan kawu. Ƙanena, fara sauke buri. Wanda ake rububi shi ne bugu na farko na Mayun 1984, lokacin da waɗanda suka ƙirƙire shi, Kevin Eastman da Peter Laird, suka buga kusan kwafi 3,000 da kansu a ƙarƙashin kamfaninsu Mirage Studios. Naka na 1985 ne, an buga shi da yawa sosai. Yana da kuɗi, amma ba kuɗin gida da mota ba. CGC, kamfanin tantance komik da ke Sarasota a Florida, suna ba da maki daga 0.5 zuwa 10, su rufe shi a akwatin roba. Tsatsar nan za ta ja makin ƙasa. To me kake nufi da ka gyara?

Maman Ilham: Ni ko magana ba na son yi. Ina jami'a aka share ɗakina, aka kai kwali guda na mujalluna wa mai ƙosai. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ka ɓoye shi kawai kafin a naɗe tsire da shi.

Ɗan Tudun Wada: Ba wani abu ba ne Yaya. Gefen bangon ya yi fari-fari inda ya lanƙwashe, sai na bi shi da baƙar maka. Wuri uku ne kacal, ko kai ba za ka gane ba.

Na-Ohayo: Innalillahi. Ni ba zan gane ba, su za su gane, aikinsu ke nan. Maka tana ratsa takarda ta fito ta baya, juya bangon ka duba. Wannan gyara ne a wurinsu, maimakon shuɗin tambari za su manna maka na shunayya, masu saye kuma suna gudunsa. Da ka bar farin nan da ya fi maka.

Ɗan Tudun Wada: Ai ni ban yi don yaudara ba, tausayin littafin na ji. Kuma makar mai kyau ce, ba ta naira ɗari ba.

Sarkin Gwanjo: Kar ka tura ko'ina. Na taɓa aika kaya da wani kamfanin jigila, wata biyar ina zarya ofishinsu, ƙarshe kwalin ya iso a jiƙe, ko haƙuri ba su ba ni ba. Ka lissafa kuɗin aikawa da dala, da inshora, da na dawowa. Sa masa kyalle ka bi da dutsen guga ya miƙe, ka sayar a haka.

Na-Ohayo: Kar ka kuskura. Matsewa da ƙwararru ke yi daban, da injinsu da ma'aunin zafi. Kuma wa zai saya da tsada babu tantancewa, alhali an san akwai jabun wannan lamba a kasuwa? Ka tura, ko da shunayyar ce, ka faɗi gaskiya a kan makar.

Malam na Ƙofar Doka: Duk kun tsallake babbar magana. Kawu yana da 'ya'ya? In yana da su, littafin nan gado ne, ba naka ba ne da za ka sayar ka yi biki.

Ɗan Tudun Wada: Malam, shekara guda akwatin yana nan ba wanda ya leƙa. Da ban buɗe ba da gara ta gama da shi. Kuma ya sha ce min littattafansa nawa ne.

Malam na Ƙofar Doka: Gaban wa ya faɗa?

Ɗan Tudun Wada: Yaya Na-Ohayo, na juya bangon, wuri ɗaya ne kawai ya ratsa. In na goge da sifirit fa?