Me ya sa aka hana 'yan wasan Najeriya goma shiga gasar Tokyo, aka bar 'yan Rasha suna kwasar lambobi?

Ɗan Tudun Wada ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga waɗanda suka fi ni sanin dokokin wasanni, a kan wani al'amari da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya tun gasar Olamfik ta Tokyo, wadda aka yi a 2021 bayan annobar korona ta sa an ɗage ta da shekara guda. Saura kwana biyu a fara guje-guje da tsalle-tsalle sai aka sanar cewa 'yan wasan Najeriya goma ba za su shiga ba, alhali an riga an kai su Japan. Iyakar abin da na fahimta, babu ko ɗaya a cikinsu da aka samu ƙwayar ƙara kuzari a jininsa ko fitsarinsa, an dai ce ba a yi musu gwajin da ya kai adadin da doka ta nema ba. Har yau ina tuna hotunansu riƙe da kwalaye suna zanga-zanga.

A wannan gasa kuma, Rasha, ƙasar da bincike ya nuna cewa hukumominta da kansu ne suka riƙa ɓoye wa 'yan wasanta laifin shan ƙwaya, ta kawo mutum sama da 300, suka tafi da lambobin yabo 71, 20 daga ciki na zinare. An ce an hukunta ta, amma hukuncin da aka gani a filin gasa bai wuce sauya mata suna zuwa ROC, wato Kwamitin Olamfik na Rasha, da hana ta tuta da taken ƙasa ba. Shin wannan ba fin ƙarfi ba ne ƙarara? Ko kuwa akwai abin da ban gane ba? Ina roƙon a yi mini bayani da hujja, domin na gaji da amsar da ake ba ni a majalisa cewa Turawa ne kawai ba sa son mu.

Malamin Motsa Jiki ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Tambayarka tana kan hanya, sai dai ka haɗa hukunci biyu da hukumomi biyu daban suka yanke, kuma sai an raba su kafin a ga inda laifin kowa yake.

Ba kwamitin Olamfik na duniya, IOC, ne ya dakatar da yaranmu ba. Wani sashe ne mai zaman kansa da ake kira AIU, wanda hukumar guje-guje da tsalle-tsalle ta duniya ta kafa a 2017 domin ya kula da yaƙi da shan ƙwaya a wannan fanni kaɗai. Sashen ya kasa ƙasashe rukuni-rukuni gwargwadon haɗarin da ake gani a tare da su, kuma a shekarar gasar Tokyo ƙasashe bakwai ne a rukunin farko: Najeriya, Kenya, Habasha, Maroko, Bahrain, Belarus da Yukren. Dokar, wadda ake kira doka ta 15, ta ce duk ɗan wasan da ya fito daga waɗannan ƙasashe dole ne a yi masa gwajin ba-zata aƙalla sau uku a cikin wata goma kafin babbar gasa, ba a lokacin wasa ba, kuma tsakanin gwaji da gwaji ya kai mako uku. Dalilin wannan tsari shi ne mai shan ƙwaya ba ya sha ranar gasa. A lokacin atisaye yake sha, ya gina jikinsa, ya daina da wuri yadda kafin ranar tsere babu sauran alama. Wanda bai sha gwaji a watannin atisaye ba, babu hanyar da za a wanke shi ko a kama shi.

A ranar 28 ga Yuli 2021 mutum 20 aka cire a kan wannan doka. Goma na Najeriya ne, Belarus da Yukren uku-uku, Kenya biyu, Habasha da Maroko ɗai-ɗai. Ka lura, shida daga cikinsu Turawa ne, sannan Kenya da Habasha, waɗanda suka fi mu yawan 'yan gudu nesa ba kusa ba, mutum uku kacal suka rasa a tsakaninsu. Mu kuwa mun rasa goma daga cikin 23. Tun farkon 2020 aka sa Najeriya a wannan rukuni, saboda haka babu wanda zai ce an mamaye shi. Da yawa daga yaran suna karatu ne a jami'o'in Amurka, kuma gwajin da ake yi a wasannin jami'o'in can ba ya cikin wanda WADA, hukumar yaƙi da shan ƙwaya a wasanni ta duniya, ta amince da shi, don haka wajibi ne hukumar gida ta shirya a bi su can a gwada su. Ba a yi ba. A daidai wannan lokaci hukumar guje-guje ta Najeriya, AFN, ta rabu gida biyu ana rigimar shugabanci, kuma bayan abin ya faru ita da kanta ta fito ta ɗauki alhakin sakacin.

Abin da ya ƙara ɓata mana suna shi ne abin da ya biyo baya da kwana uku. Blessing Okagbare ta yi nasara a zagayen farko na gudun mita 100, washegari aka dakatar da ita saboda gwajin ba-zata da aka yi mata a ranar 19 ga Yuli ya nuna sinadarin ƙara girman jiki. Daga baya aka yanke mata dakatarwar shekara goma, aka ƙara ɗaya ta zama goma sha ɗaya. Irin gwajin da aka ce ba a yi wa sauran ba, shi ne ya kama ta. Da wannan a gabanmu, da wuya mu ce an sa mu a rukunin farko ne don ƙiyayya.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba: hukumar guje-guje ta duniya, wadda dokarta ta tsananta mana, ta fi tsananta wa Rasha. Ta dakatar da hukumar guje-gujen Rasha tun Nuwamba 2015, ba ta ɗage ba sai Maris 2023. A gasar Olamfik ta Rio 2016 mace ɗaya tak, Darya Klishina, aka bari ta shiga wannan fanni daga Rasha, a Tokyo kuma aka ƙayyade musu mutum goma.

Abu Hafsat ya amsa:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa a kan ɓangarenmu, kuma ban da ja a kan ko ɗaya daga alƙaluman da ya kawo. Amma ina ganin ya sassauta wa ɗaya ɓangaren, domin mai tambaya bai yi kuskure ba da ya ji warin fin ƙarfi. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A tuna abin da Rasha ta yi. A Disamba 2014 gidan talabijin na ARD a Jamus ya fito da bayanan da 'yar tsere Yuliya Stepanova da mijinta Vitaly suka tona. A Mayu 2016 Grigory Rodchenkov, wanda shi ne shugaban ɗakin gwaji na Mosko, ya shaida wa jaridar New York Times yadda aka yi a gasar hunturu ta Sochi ta 2014: da dare ake zura kwalaben fitsari ta wani rami a bango zuwa ɗakin da ke gefe, jami'an leƙen asiri su buɗe murfin da aka ƙera don kada ya buɗu, a zubar da gurɓataccen fitsarin, a zuba mai tsabta wanda aka karɓa daga ɗan wasan watanni kafin nan aka adana. Rahoton lauya ɗan Kanada, Richard McLaren, ya ce 'yan wasa sama da 1,000 a wasanni fiye da 30 ne suka ci moriyar wannan tsari tsakanin 2011 da 2015. Wannan ba sakacin cike takarda ba ne, shiri ne na gwamnati.

To, me IOC ya yi? WADA ta nemi a hana Rasha zuwa Rio baki ɗaya, ya ƙi, ya tura wa hukumar kowane wasa ta yanke nata hukuncin ana saura 'yan kwanaki a buɗe gasa. Kwamitin gasar nakasassu, wanda bai kai shi kuɗi ko ƙarfi ba, ya kori Rasha gaba ɗaya a shekarar, abin da ya nuna cewa hukuncin mai yiwuwa ne ga wanda ya so. A gasar hunturu ta Pyeongchang 2018 aka bar 'yan Rasha suka shiga da wani suna, har suka ci zinare a wasan hoki na ƙanƙara na maza. Sai kuma aka gano an taɓa bayanan kwamfutar ɗakin gwajin Mosko kafin a miƙa su, WADA ta yanke wa Rasha dakatarwar shekara huɗu a Disamba 2019, kotun wasanni ta CAS ta rage zuwa biyu bayan shekara guda. Daga nan sunan ROC ya fito, da riguna masu launin tutar da aka ce an haramta.

Hujjar da ake kafawa ita ce bai kamata a hukunta ɗan wasa mai tsabta da laifin hukumarsa ba. Hujja ce mai kyau, na yarda da ita. Tambayata ita ce me ya sa wannan rahama ba ta sauka a kan yaranmu goma ba, waɗanda su ma laifin hukumarsu ne ya ci su? Malam zai ce hukumomin daban ne, kuma gaskiya ne, amma gasar ɗaya ce, filin ɗaya ne. Mu ƙara da batun 'yan ninƙaya 23 na Sin da aka samu da wani maganin ciwon zuciya da aka haramta a farkon 2021. Hukumar ƙasarsu ta ce daga ɗakin girkin otal ya shiga abincinsu, WADA ta karɓa ba ta ɗaukaka ƙara ba, wasunsu suka je Tokyo suka ci lambobi, duniya ba ta ji labari ba sai a Afrilu 2024. Ban ce sun sha ƙwaya da gangan ba. Na ce ƙasar da ke da lauyoyi da ɗakunan gwaji da kujeru a kwamitoci tana samun damar yin bayani, wadda ba ta da su kuwa sai dai ta ga sunayen yaranta a sanarwa.

Don kada a ce na jingina abin ga launin fata, mutumin da kotun Faris ta samu da laifin cin hanci a 2020 a kan rufa wa 'yan tseren Rasha asiri shi ne Lamine Diack, ɗan Senegal, wanda ya shugabanci hukumar guje-guje ta duniya daga 1999 zuwa 2015.

Maman Fa'iza ta amsa:

Na gode wa malamai biyu. Ni abin da nake son ƙarawa shi ne, idan muka yi fushi da tsaurin gwaji, mu tuna cewa mu ma an taɓa cin haƙƙinmu saboda rashinsa. A gasar Olamfik ta Sydney 2000, a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu, Clement Chukwu da Jude Monye da Sunday Bada da Enefiok Udo-Obong sun zo na biyu a bayan Amurka. Sai a 2008 ɗaya daga cikin Amurkawan, Antonio Pettigrew, ya amsa cewa yana shan ƙwaya a lokacin, aka ƙwace lambarsu, kuma ba a tabbatar wa Najeriya zinaren ba sai a Yuli 2012. Sunday Bada ya rasu a Disamba 2011. Ya bar duniya a matsayin mai azurfa, bai taɓa jin an buga masa taken ƙasarsa a kan dakalin nasara na Olamfik ba. Da an yi wa Pettigrew irin bibiyar da ake yi yanzu, mai yiwuwa da labarin ya bambanta.

Sannan ina roƙon mu dubi inda wasu daga cikin goman nan suka ƙare. Annette Echikunwoke, mai jifan dalma mai igiya, a Amurka aka haife ta, ta zaɓi ta wakilci ƙasar iyayenta, aka hana ta shiga a Tokyo. Ta koma wa Amurka, a Faris 2024 ta ci azurfa, a gasar da Najeriya ta dawo gida babu ko tagulla ɗaya. Favour Ofili ita ma tana cikin goman. Ta haƙura ta tsaya, ta cika sharaɗin gudun mita 100 na Faris, sai aka wayi gari ba a sa sunanta a wannan tsere ba. Ta shiga mita 200 ta kai wasan ƙarshe ta zo ta shida. Wannan karon ba doka ta 15 ba ce ta hana ta, ba AIU ba, ba Rasha ba. Ina da 'ya mace mai son gudu a makaranta, kuma idan ta tambaye ni abin da ya samu Ofili sau biyu a jere, ba ni da amsar da za ta ƙarfafa mata gwiwa.

Ɗan Tudun Wada ya sake rubutawa:

Allah ya saka da alheri. Na karɓi gyaran Malam cewa sakacin daga gida ne, ban kuma sauka daga ra'ayina a kan IOC ba, tun da Abu Hafsat ya ƙara mini hujja. Saura abu ɗaya: tun da an san yaran ba su da laifi, me ya hana a yi musu gwajin a can Tokyo a bar su su shiga, ko da ba da tutar Najeriya ba, kamar yadda aka yi wa 'yan Rasha?

Malamin Motsa Jiki ya amsa:

Ko da an gwada su sau uku a rana ɗaya a Tokyo, ba zai cika sharaɗin ba, saboda tazarar mako uku-uku da na ambata tana nufin ana buƙatar aƙalla mako shida daga gwajin farko zuwa na uku, su kuwa kwana biyu ya rage musu. Gwajin ranar gasa yana nuna abin da ke jiki a ranar ne kawai, ba abin da aka sha a watan Maris ba. Game da shiga ba tare da tuta ba, 'yan Rasha goman da aka bari a guje-guje ba cire tuta kaɗai suka yi ba, kowannensu sai da ya nema a rubuce, wani kwamiti ya duba tarihin gwaje-gwajensa kafin a ba shi izini. Abin da suka gabatar, wato tarihin gwaji, shi ne ainihin abin da namu suka rasa. Inda na yarda da Abu Hafsat shi ne ragowar ɗaruruwan da suka zo ta ƙofar sauran wasanni, domin ba kowace hukuma ce ta yi irin wannan tankaɗe da rairaya ba.