Dan Allah a jami'a ana koya wa mutum rubuta labari ne, ko nazari kawai ake yi?

'Yar Gwammaja:

Assalamu alaikum 'yan uwa, dan Allah shawara nake nema musamman wajen waɗanda suka karanta Hausa ko Turanci a jami'a. Ni dai tun ina aji uku a ƙaramar sakandare nake rubuta labari, da a littafin makaranta nake yi ƙawayena suna karɓa yana zagaya aji har bangon ya cire, yanzu kuma a waya nake bugawa ina turawa guruf ɗinmu na WhatsApp, na gama biyu ina kan na uku. Bana zan zauna JAMB kuma wlh Hausa raina yake so a BUK. Abbanmu shi aikin jinya ya so min, bai hana ni ba amma ya min tambaya ɗaya da har yau ban amsa masa ba, ya ce "to in kin je can ɗin rubuta littafin za su koya miki, ko me za ki yi shekara huɗu kina yi?"

Abin da yake damuna kuma, duk labarin da na fara sai ya tafi lafiya lau har tsakiya sannan ya kwance min, in rasa inda zan nufa, sai in jefo kishiya ko haɗarin mota ko wani ya dawo daga ƙasar waje don dai kar a tsaya. Ni kaina na san da matsala. Amma a guruf ba mai faɗa min, kullum "Allah ya ƙara basira Anti, a ƙaro mana", shi ke nan. To shi ne nake tambaya, akwai inda ake zaunar da mutum a nuna masa yadda ake gina labari? In na shiga Hausa zan samu wannan?

Maman Biyu:

Wa'alaikumussalam ƙanwata. Ni Hausa na karanta, ba a Kano ba dai, aure ne ya kawo ni nan, amma tsarin kusan ɗaya ne. Gaskiya zan faɗa miki don kar ki shiga da wani zato ki fito da takaici. Digirin Hausa duwatsu uku gare shi kamar murhu, harshe da adabi da al'ada. Ɓangaren harshen ma shi zai fi ba ki mamaki, tsarin sauti, ginin kalma, ginin jumla, duk mai cewa Hausa ai sauƙi ranar da aka ce ya sa wa kalma karin sauti zai shiga taitayinsa. Adabi kuma an raba shi na baka da rubutacce, rubutaccen ma akwai waƙa akwai wasan kwaikwayo akwai zube, ƙagaggen labarin da kike so yana cikin zube, kin ga reshen reshe ne. Kuma abin da ake yi da shi nazari ne, a ba ki littafi ki fito da jigo ki warware shi, ki duba zubi da tsari, ki duba salo, ki duba taurari. Kamar a miƙo miki riga ɗinkakkiya a ce farke ta ki ga yadda tela ya haɗa, amma ba a ɗora ki a kan keken ba.

A shekara huɗun da na yi kwas ɗaya ne tak aka ce mu rubuta namu, zango ɗaya, kuma mun fi ɗari a ajin, ina malami ɗaya zai iya karanta labari ɗari ya zauna da kowa. Da yawa takardarsu ba ta ma dawo ba sai maki kawai suka gani. Ni Allah ya taimake ni tawa ta dawo. Shafi uku na farko ya ja musu layi da jan biro daga sama har ƙasa, inda yarinyar ta tashi ta yi salla ta share tsakar gida ta dama koko ta gaida Umma ta yi wanka na tsaya ina lissafa kalar atamfarta. A shafi na huɗu daidai inda baffanta ya yi sallama da ƙullin goro a hannu, sai ya rubuta a gefe, "labarin daga nan ya fara". Kalma biyar. A daren na yi kuka don shafukan nan uku su na fi wahala a kai, amma har yau takardar tana cikin akwatina kuma duk abin da zan rubuta sai na tambayi kaina daga ina ya fara.

To kar ki ce na kushe karatun fa. Ya tilasta min karanta littattafan da da kaina ba zan taɓa ɗauka ba, ya gyara min ƙa'idar rubutu, inda ake haɗe kalma da inda ake rabawa, da ƙ da ɗ da ɓ da mutane suke watsarwa. Kuma wanda ya farke riga hamsin idonsa ba ɗaya ba ne da wanda bai taɓa ba.

Ɗan Fagge:

Hajiya Maman Biyu kin yi bayani amma ni ina da ja kaɗan. Mahaifinmu littattafan Hausa ya sayar a kasuwar Sabon Gari, a shagon na tashi, na ga lokacin da mata suke aiko yara da kuɗi a ƙulle a leda da sunan littafi a 'yar takarda, wasu ma haya suke ɗauka su dawo da shi bayan kwana biyu ya sha manja. Waɗanda suka rubuta littattafan nan da suka sa matan aure koyon karatun boko, nawa ne a cikinsu suka yi digirin Hausa? Hajiya Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, daga baya ta koma ta yi karatun manya, amma littafinta an fassara shi da Turanci har Indiya aka buga shi a 2012. Su Ado Ahmad Gidan Dabino a ƙungiyar marubuta ta Raina Kama da kuɗinsu suke buga littafi su kai kasuwa da kansu. Kuma kar a manta daga jami'a aka fara kiran abin da adabin kasuwar Kano, Farfesa Ibrahim Malumfashi ya soki ingancinsa, Farfesa Abdalla Uba Adamu na BUK ya tsaya ya kare, aka yi ta musayar alƙalami a jarida a shekarun 1990. Yau ga shi littattafan nan ɗalibai suke ɗauka suna rubuta kundin digiri a kansu.

Ni shawarata 'yar uwa ki bi maganar Abba ki yi jinyar. Rubutu ba ya ciyar da mutum yanzu, shagonmu ma kayan waya ƙanena yake sayarwa a ciki. Kuma wadda ta kwana a ɗakin haihuwa tana aiki ba za ta rasa labari ba har ta mutu.

Malamin Sakandare, Ɗorayi:

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya. Ɗan Fagge ɗana, maganarka akwai gaskiya amma ka tsallake abu ɗaya. Ku koma farkon abin. A 1933 wani Bature Rupert East na Hukumar Fassara ta Zariya ya shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa, ya zaga garuruwa yana lallashin malamai su rubuta, don a lokacin malami yana ganin ƙirƙirar labari aikin tatsuniya ne na mata da yara. Littattafai biyar suka fito daga gasar, cikinsu da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa. Su biyun nan malaman makaranta ne da suka fito daga Kwalejin Katsina, Imam ma shekararsa ashirin da biyu. Ba wanda ya ba su digirin rubutu, haka ne. Amma suna da abu biyu, sun yi karatu mai yawa, Imam da Larabcinsa da Turancinsa, sannan akwai mutum zaune a Zariya, wato East ɗin, da yake karanta abin da suka rubuta yana gyarawa yana mayar musu. Daga baya ma Imam Zariyar ya koma suka yi aiki tare. Wannan mai gyaran shi ne abin da 'yata take kuka ta rasa, ku sake karanta tambayarta. Yawancin littattafan da mahaifinka ya sayar da sun sami mai gyara da sun fi haka nisa, na karanta su da yawa kuma ina ƙaunarsu shi ya sa abin yake min ciwo, labari mai kyau amma a ja shi littafi na ɗaya na biyu na uku saboda kasuwa.

In kin zaɓi Hausa ba ki yi asara ba, BUK tana da sashen harsunan Najeriya da cibiyar nazarinsu da suka daɗe, ga laburare, kuma akwai aikin koyarwa da fassara da gidajen rediyo. In kin zaɓi jinya ma ba ki yi asara ba. Ki yi istihara, ki zauna da mahaifinki.

Yayar Tarauni:

Malam ya taɓo wajen. Ni Turanci na karanta kuma na daɗe ina bibiyar yadda ake yi a waje don na so in tafi Allah bai yi ba. Abin da kike nema ƙanwata akwai shi a matsayin digiri mai zaman kansa, yawanci digiri na biyu ne. Wanda ya fi suna shi ne na Jami'ar Iowa a Amurka, tun 1936 suke yi, shekara biyu ne kuma abin da za ka miƙa a ƙarshe littafinka ne na labari, ba nazarin littafin wani ba. A Ingila Jami'ar East Anglia ta fara nata a 1970, Kazuo Ishiguro da ya ci kyautar Nobel a 2017 can ya yi. Marubuciyar Najeriya Chimamanda Adichie ma ta yi irinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Yadda ajin yake shi ne abin lura, mutum goma ko sha biyu ne a zagaye da tebur, wanda layi ya zo kansa zai raba labarinsa tun mako guda kafin ranar, kowa ya je ya karanta ya yi rubutu a gefe, ranar zama kuma mai labarin shiru zai yi ba ya kare kansa ba ya cewa ai nufina kaza, sauran su yi ta magana a kan abin da yake kan takarda shi yana rubutawa. Dalilin shirun kuwa, ranar da littafinka ya shiga hannun mai karatu ba ka nan balle ka yi masa bayani. Akwai masu sukar tsarin suna cewa yana sa rubutun ɗalibai ya riƙa kama da juna, kuma ni ma ina ganin haka zai iya faruwa in malami ɗaya kowa yake son burgewa, sannan ba da Hausa ake yi ba.

Amma kin ga wannan zaman ba ya buƙatar biza. Mu shida muka yi shi kusan shekara guda a falon wata ƙawarmu, duk Asabar ta biyu bayan la'asar, kowa da fotokwafinsa, doka ɗaya ce ba a cewa "ya yi daɗi" sai an faɗi wane waje kuma me ya sa. Zaman farko wata ta yi fushi ba ta dawo ba sai bayan wata biyu, da ta dawo kuma labarinta ya fi na kowa.

Maganar kwancewa a tsakiya kuma, gwada wannan, ɗauki takarda ki rubuta a layi ɗaya me tauraruwarki take so, a layi na biyu wa ko me ya tare mata hanya. In kin kasa cike layin farko to nan ciwon yake, shi ya sa kike aro haɗarin mota. Kuma ki ɗan ajiye dogon labari ki gwada gajere, gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 ta mata ce zalla, kalma 1,000 zuwa 1,500 suke karɓa, a wannan tsukin ba wajen ɓuya, duk jumlar da ba ta aiki za ki gan ta da idonki.

'Yar Gwammaja:

Na gode ƙwarai wlh, Malam na gode Allah ya ƙara girma, Yaya Ɗan Fagge ma na ji kuma zan yi tunani. Jiya da dare na buɗe labarina na uku na yi abin da Anti ta Tarauni ta ce, layi na biyu na cike shi nan take amma na farko na fi rabin awa ina kallon takarda, ashe yarinyar ba abin da take so, abubuwa ne kawai suke ta faɗo mata. Na kuma ƙirga, sai a shafi na tara wani abu ya fara faruwa. Na karanta wa Abba amsoshinku ya ce bayan sallar Juma'a za mu zauna. Anti Maman Biyu dan Allah in ba takura zan iya turo miki babin farko ki sa min jan biron?

Maman Biyu:

Turo bayan isha'i in yara sun kwanta. Ki sa lambar shafi, kuma kar ki gyara komai tukun, yadda yake nake son ganinsa.