Ruwan maniyyin alade: mota ce kawai ko yana da nasa aikin?

ɗan_Samaru:
Salam jama'a. Ina karantar likitancin dabbobi a ABU, jarrabawa saura sati biyu kuma wani abu ya ƙi zama min a kai. A furaktikal mun raba maniyyin alade gida biyu, ɗaya muka juya shi a inji muka zubar da ruwan muka bar ƙwayoyin cikin ruwan gishiri, ɗayan muka ƙyale shi yadda yake. Kafin a kira la'asar waɗanda muka wanke sun yi laƙwas a ƙarƙashin madubi, sauran kuwa suna ta iyo abinsu. Ni fa na ɗauka ruwan nan mota ce kawai da ke kai fasinja tasha, to me ya kashe musu jiki?

Baba_Tudunwada:
Kai yaro duk dabbobin Allah ka rasa na tambaya sai alade, ina shanun Shika?

Anti_Dakta:
Baba ai dole ya karanta, likitan dabbobi ba ya zaɓen mara lafiya, gobe sai a tura shi Kafanchan inda kasuwar aladu take. Ƙanina, alade daban yake, sa bai fi ya ba ka mililita 5 zuwa 8 ba amma alade kan zubo mililita 200 zuwa 300 kuma ba a lokaci ɗaya ba, kashi-kashi yake fitowa, farko ruwa tsararo, sai mai kauri kamar madara inda yawancin ƙwayoyin suke, sai wani mai yawa da ƙwayoyi kaɗan, ƙarshe wani abu mai yauƙi da ke toshe bakin mahaifa kada ya dawo. A ruwan akwai sukari da suke ci, akwai kuma furotin da ke lulluɓe kan kowace ƙwaya kamar hula, ya hana ta nuna, wato ta shirya huda ƙwai, kafin lokaci. Da kuka wanke kun cire hular, juyin injin ma kansa ya wahalar da su. Har da sinadarin estirojin a cikin ruwan, wanda ke sa mahaifar macen ta riƙa matsawa tana tura su gaba.

ɗan_Samaru:
Anti na gode sosai. To wa ke cire hular a jikin macen?

Anti_Dakta:
Ruwan jikinta mana. Tun 1951 wasu masana biyu, Austin da Chang, suka gano maniyyi ba ya iya huda ƙwai sai ya ɗan zauna a jikin mace tukuna. Kaɗan ne ke isa ƙasan bututun ƙwai, su manne a bango suna jira, sai ƙwai ya kusa sauka ruwan wajen ya sake su kaɗan-kaɗan. Ruwan bututun kuma yana taurara ɓawon ƙwan don kada ƙwaya fiye da ɗaya ta shiga. Shi ya sa in an haɗa na alade a faranti a ɗakin gwaji, inda babu ruwan nan, sai ƙwayoyi biyu uku su afka ƙwai ɗaya, ya lalace, matsalar nan ta daɗe tana ba masu bincike ciwon kai.

mai_gona_Basawa:
Ni dai ɗaya zan ƙara, kar ka kuskura ka sa maniyyin alade a firij irin na gida. Digiri 15 zuwa 17 yake so, sanyi na kashe shi, ba kamar na sa da ake daskarewa shekara da shekaru ba. Na taɓa asarar kwalba shida a dare ɗaya saboda yarona ya ga zafi ya yi yawa ya tausaya musu.

Baba_Tudunwada:
To Allah ya ba da sa'a, amma ka wanke hannu kafin ka shigo min gida.