Tambaya: Shin makullin lantarki mai rimot zai iya hana ɓarawo shiga gida?

Ɗan Fagge ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar makullan ƙofa na lantarki, irin waɗanda ake buɗewa da rimot ko da wayar hannu. Aikina yana sa ni yawan zirga-zirga tsakanin Kano da Abuja, iyalina kuma sukan tafi gidan iyaye idan tafiyar ta yi tsawo, saboda haka gidan yakan kwana babu kowa. A 'yan watannin nan an shiga gidaje a layinmu, kuma abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a ɗaya daga cikinsu ba a fasa komai ba, ƙofa kawai aka tarar a buɗe. Mabuɗin gidana ya bi ta hannun magina da mai fenti da yaran gida waɗanda suka zo suka tafi, kuma ba zan iya rantsuwa cewa babu wanda ya yanka irinsa ba.

Na ga ana tallata iri biyu. Akwai wanda ake ɗaurawa daga ciki, ba a ganin komai nasa daga waje, babu ramin mabuɗi, sai an danna rimot sakatar ta janye. Akwai kuma mai allon lambobi da wurin ɗora yatsa, wanda ke haɗuwa da waya. Wanne ya fi dacewa da gida? Me zai faru idan aka ɗauke wuta ko batir ya mutu? Kuma gaskiya ne ana iya satar siginar rimot? Ƙofar falona ta ƙarfe ce, ƙirar mai walda. Allah Ya saka da alheri.

Mai Haɗa Kyamara ya amsa:

Wa alaikumus salam Alhaji. Sana'ata haɗa kyamarorin tsaro da irin waɗannan makullai, kuma zan fara da iri na uku wanda ba ka ambata ba, domin shi ne ake yawan cusa wa mutane. Shi ne makullin maganaɗisu da ake gani a ƙofofin ofisoshi da bankuna. Yana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 12, kuma wanda aka fi samu a kasuwa an rubuta masa cewa yana riƙe nauyin kusan kilo 280. Matsalarsa ita ce wuta ce ke riƙe shi, da zarar ta yanke sai ya saki. An ƙera shi haka da gangan domin ma'aikata su iya fita idan gobara ta tashi. A gidan da babu kowa, a garin da ake ɗauke wuta kullum, wannan na nufin ɓarawo ba ya bukatar komai sai ya yanke waya ko ya jira batirin ajiya ya ƙare. Kada ka yarda a sa maka shi a ƙofar shiga gida, ko da kana da sola.

Iri biyun da ka ambata ba su dogara da wutar gari ba. Ƙananan batura suke amfani da su, galibi huɗu ko takwas, irin na agogon bango, kuma ƙaramin inji ne a ciki yake tura sakata ya janye ta. Idan batir ya mutu, galibi ƙofar tana nan a yadda aka bar ta, wato a kulle. Suna fara ƙara ko nuna jan haske tun kafin baturan su ƙare, kuma masu allon lambobi da yawa suna da wurin da za ka jona batir mai bolt 9 ko fawa bank daga waje, ka ba shi ɗan ƙarfin da zai buɗe. Ka sayi batura masu kyau, domin masu arha sukan zubar da ruwa a cikin zafin bazara su lalata na'urar gaba ɗaya.

Game da wanda ake ɓoyewa a ciki, amfaninsa a fili yake. Mai kwafin mabuɗi zai buɗe tsohon makullinka ya tura ƙofa ta ƙi buɗuwa, kuma bai san a wane wuri aka riƙe ta ba, ballantana ya san inda zai sa ƙarfe ya ɓanɓare. Sai dai rashin ramin mabuɗin da ya hana ɓarawo, kai ma zai iya hana ka. Idan ka yi doguwar tafiya baturan suka mutu, kuma gidan ba shi da wata hanyar shiga, sai dai a kira mai walda ya yanka ƙofar. Wasu samfura suna janye sakata da kansu idan batir ya kusa ƙarewa, wanda hakan ya fi sauƙi ga mai gida amma ya bar shi da tsohon makulli kaɗai. Ka tambayi mai sayarwa wanne daga cikin biyun nasa yake yi, kuma ka sa ya nuna maka a takardar da ke cikin kwalin.

Satar sigina gaskiya ce, amma ba kowane rimot ba. Yawancinsu suna aiki a kan zangon megahaz 433. Masu arha suna aika lamba guda ɗaya kullum, kuma akwai rimot na kwafi da ake sayarwa a fili wanda zai kwaikwaye ta cikin daƙiƙoƙi idan naka ya shiga hannun wani. Masu inganci suna canza lambar a duk lokacin da aka danna, irin na motocin zamani, ta yadda lambar da aka kama yau ba za ta yi amfani gobe ba. Wannan shi za ka nema. Kuma duk lokacin da ka kulle da rimot, ka tura ƙofar da hannu ka tabbatar, domin ana iya toshe sigina ta yadda za ka danna ka juya alhali sakatar ba ta shiga ba.

Injiniyan Gini ya amsa:

Bayanin Malam mai kyamara ya gamsar, amma ina so in ja hankalin Alhaji zuwa ga ƙofar kanta, domin yawancin gidajen da ake kira na gyara bayan an shiga, makullin yana nan lafiya, firam ɗin ne ya fita daga bango. Magina da yawa suna kafa firam da 'yan guntayen rodi a cikin bulo mai rami, su shafe da siminti. Idan aka sa dogon ƙarfe aka danna, bulon ne zai farfashe, sakatar dubban nairori ta fito tare da firam ɗin. Kafin ka kashe kuɗi a kan lantarki, ka sa a duba ko an cika ramukan bulon da ke gefen ƙofa da kankare, ko hinjin yana waje inda za a iya yanke shi, da kuma kaurin farantin ƙarfen da aka yi ƙofar da shi.

A Turai akwai ma'aunin da ake kira EN 1627, wanda ke gwada ƙofa da firam da makulli a matsayin abu ɗaya. Ƙofar da ta samu matakin RC2 ita ce wadda ta jure minti 3 ana ƙoƙarin ɓalle ta da ƙananan kayan aiki irin su sukurdireba, ta matakin RC3 kuma minti 5 har da ƙarfen ɓanɓara. Na kawo wannan ne domin a gane cewa su kansu masu ƙera ƙofofin ba su yi alkawarin hana shiga ba, lokaci suke saye, tare da tilasta wa ɓarawo yin ƙarar da maƙwabta za su ji.

Akwai kuma wata matsala ta musamman ga ƙofar walda. Sau da yawa takan ɗan sauka bayan shekaru, ko ta kumbura da zafin rana, har sai mutum ya ɗaga ta ko ya danna da kafaɗa kafin mabuɗi ya juya. Hannun mutum zai iya wannan, ƙaramin injin da batir ke juyawa ba zai iya ba. Zai yi ta ƙoƙari yana cinye batir, wani lokaci ya tsaya a rabin hanya. Dole a daidaita ƙofar har sakata ta riƙa shiga raminta ba tare da gogayya ba. Sannan kada a manta da ƙofar kicin da silin da ramin na'urar sanyaya ɗaki, domin ta nan ake yawan bi.

Maman Yara ta amsa:

Ni damuwata daban ce da ta mazan da suka yi magana, kuma ina roƙon Alhaji ya saurare ta. Duk kuna lissafin yadda za a hana na waje shiga, ni kuma ina tunanin yadda na ciki zai fita. Gidajenmu tagoginsu duk ƙarafuna ne, ƙofa ɗaya ko biyu ce mafita, kuma mun sha jin labarin iyalan da gobara ta rutsa da su cikin dare saboda an rasa mabuɗi a cikin hayaƙi. Idan makullin da za a sa sai da rimot yake buɗuwa ko daga ciki, to wallahi bai kamata ya shiga gidan da ke da yara da tsofaffi ba. A tabbatar yana da mariƙi ko maɓallin da ake juyawa da hannu daga ciki, wanda ba ya bukatar batir, kuma a koya wa kowa a gidan har da ƙananan yara yadda ake buɗe shi a cikin duhu.

Mai ɗora yatsa kuma muna da shi a gidanmu, kuma zan faɗi abin da na gani. Lokacin hunturu, idan fata ta bushe ƙura ta kwanta a kan gilashin, yakan ƙi karanta yatsa sai an goge an sake gwadawa. Yatsun surukata da suka tsufa da ƙyar yake gane su. Idan mace ta yi lalle ma akan samu matsala da wasu na'urorin, kuma ba abin mamaki ba ne tunda hukumar JAMB ta taɓa gargaɗin ɗalibai a kan yin lalle kafin ɗaukar zanen yatsa. Saboda haka a sayi wanda ke da hanyoyi da yawa, yatsa da lamba da kati da mabuɗin ƙarfe na gaggawa. Shi kuma mabuɗin gaggawar kada a ajiye shi a cikin gidan da aka kulle, a kai shi wurin amintaccen ɗan'uwa.

Ɗalibin Kwamfuta ya amsa:

Zan yi magana a kan ɓangaren waya da intanet. A shekarar 2016, a taron masana tsaron kwamfuta na DEF CON da ake yi a Las Vegas ta Amurka, wasu masu bincike biyu, Anthony Rose da Ben Ramsey, sun gwada makullai 16 masu aiki da Bluetooth, suka iya buɗe 12 daga ciki. Wasu daga cikin makullan suna aika lambar sirri a fili ba tare da an ɓoye ta ba. A shekarar 2017 kuma kamfanin LockState ya tura sabuntawar manhaja mai kuskure ta intanet, makullai kusan 500 suka daina karɓar lamba, da yawansu a gidajen haya na Airbnb, wato dandalin intanet na hayar masauki na ɗan lokaci. Manyan kamfanoni irin su Yale da Nuki da Aqara suna fitar da gyara idan aka gano rauni, amma makullin da ba shi da suna a jikin kwali ba wanda zai gyara shi.

Duk da haka, a ganina ɓarawon unguwa ba da kwamfuta yake zuwa ba. Haɗarin da ya fi kusa shi ne sakacin mai gida. Makullai da yawa suna zuwa da lambar masana'anta irin 123456, mutane su bar ta haka. Wani kuma mai haɗawa ne yake yin rajistar makullin da wayarsa, ya zama shi ne babban mai iko, ya ba mai gida matsayin baƙo. Alhaji, ka tsaya a kansa a goge komai, a yi rajista da wayarka da lambarka, ka canza lambar sirri bayan ya tafi.

Inda wannan makulli ya fi na gargajiya nesa ba kusa ba shi ne ainihin abin da ka koka da shi. Za ka iya ba mai aiki lamba ta yini ɗaya, ka goge yatsan yaron da ya bar gidan, ka kuma ga wanda ya buɗe da lokacin da ya buɗe. Amma buɗewa daga Abuja da samun sanarwa suna bukatar intanet ɗin gida ya kasance a kunne dare da rana, wanda ke nufin sai da inbata ko sola. Idan babu, makullin zai ci gaba da aiki a bakin ƙofa, sai dai wayarka ba za ta ji komai ba.

Ɗan Fagge ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah Ya ƙara ilimi. Hajiya, maganarki ta shige ni, domin mahaifiyata takan zo ta kwana biyu a wurinmu. Malam mai kyamara, idan na fahimta, zan iya barin tsohon makullin in ƙara na ɓoye a kai?

Mai Haɗa Kyamara ya amsa:

Za ka iya Alhaji, amma ka canza tuwon tsohon makullin, wato ɓangaren da mabuɗi ke shiga, tunda ba ka san hannun da kwafinsa yake ba. Ba shi da tsada, kuma ka sa a ɗaura wanda bai leƙo waje sosai ba, domin wanda ya leƙo ana kama shi da filaya a karya. Na ɓoyen ka riƙa kulle shi idan gidan babu kowa, idan kuma iyali suna ciki da dare a yi amfani da sakatar hannu kamar yadda Hajiya ta nuna. Tunda tafiyarka takan yi tsawo, ka sa sababbin batura kafin ka tashi, ka bar rimot na biyu a hannun ɗan'uwan da ka amince da shi, kuma ƙofar kicin ta kasance da makullin ƙarfe mai kyau wanda za a iya buɗewa daga waje idan na falo ya ƙi. Amma a fara kiran mai walda da magini su daidaita ƙofar su ƙarfafa firam, kafin ni ko wani irina ya zo da na'ura.