Funfuna ta ƙi barin bangon ɗaki, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗaki ne a Rigasa, tun ruwan Agusta baƙar funfuna ta kama bango ta bayan durowa, daga ƙasa zuwa tsayin gwiwa. An fesa farin khal tsantsa ba sirki, aka bar shi awa 1, aka dirje da burushi. Ya yi fes, amma sati 2 ta dawo. Fenti har ya kumbura, filasta na zuba kamar gari.

Zargina laima ce ke tasowa daga tushe, don kwata na bin bayan bangon. Magina, a kankare filastar yanzu, ko a jira hunturu ya busar? Lemon tsami zai fi khal? Bilic dai babu shi a lissafi, mai asma ke kwana ciki.